Ciwon baya da na wuya: wajen likitan kairo za a je, ko wajen likitan fisiyo?

Malam Bashir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta sake dawowa zauren nan, gara mu zauna mu warware ta. Mutum ne baya ya riƙe masa, ko wuya ya sanƙare, ya sha magani mako biyu ba sauƙi. Wani ya ce ya je wajen masu kairofiraktik, irin waɗanda ake gani a TikTok suna murɗa wuya ya yi ƙas. Wani ya ce a'a, ya je wajen likitan fisiyo, masu gashin ƙashi. Masana, ku fitar da mu. Bayani muke so, ban da talla.

Dakta Aminu: Wa alaikumus salam Malam Bashir. Kafin a kai ga zaɓi, a fara ware waɗanda bai kamata su fara da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai suka sage har ba ya jin taɓi a wurin, ko ƙafafu biyu suka fara rauni lokaci guda, wannan sashen gaggawa zai tafi a ranar. Tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne aka matse, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da lalurar fitsari har ƙarshen rayuwarsa.

Sai waɗanda za su fara ganin likita a yi musu bincike: mai zazzaɓi da zufar dare, mai ramewa ba dalili, wanda ciwon ba ya lafawa ko ya kwanta, wanda ya taɓa yin kansa, wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗarin mota, tsoho ko tsohuwar da ƙashinta ya yi gautsi, da wanda ya daɗe yana shan sitiroyid, wato magungunan rage kumburi da ke raunana ƙashi. Tibi ma na cin ƙashin baya, kada a manta. A danna irin wannan bayan da ƙarfi, karaya ce.

In an cire waɗannan, kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya nuna wuri ɗaya a ce ga abin da ya lalace. Mafi yawansa kuma yana sauƙi sosai cikin mako 6, ko an je wajen wani ko ba a je ba. A riƙe wannan, domin duk wanda aka je wajensa a mako na biyu shi ake yi wa godiya a mako na shida.

Malama Hauwa'u: Dakta ya share fage. Bambancin aikin biyu kuwa ga shi. Ginshiƙin aikin likitan kairo shi ne danna gaɓa: zai kai gaɓar ƙashin baya iya inda take tsayawa, sannan ya ƙara mata wani ɗan gajeren turi mai saurin gaske. Ginshiƙin aikin fisiyo kuwa motsa jiki ne da aka auna wa mutum, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan, da koya masa yadda zai koma aikinsa. Na farko abu ne da ake yi maka, na biyu abu ne da kai za ka yi. A wajena nan maganar take, domin ciwon baya ciwo ne mai dawowa, kuma ranar da ya dawo da tsakar dare ba kowa kusa da kai sai abin da aka koya maka.

Malam Nura: Malama, kin raba abin kamar akwai katanga a tsakani, alhali babu. Akwai likitocin fisiyo da suka koyi dannar nan suna yi, akwai kuma likitocin kairo da yawa da ke bayar da motsa jiki. Kuma a yi adalci, an gwada su kafaɗa da kafaɗa. A 1998 an yi gwaji a Amurka da mutum 321 masu ciwon ƙugu: wasu aka kai su kairo, wasu fisiyo, wasu aka ba su ɗan littafin bayani kawai. Kairo da fisiyo suka tashi kusan kunnen doki, kuma dukkansu da ƙyar suka ɗara littafin. A 2019 aka tattara gwaje-gwaje 47 a kan ciwon ƙugu mai daɗewa, aka ga danna gaɓa tana rage ciwo daidai da sauran hanyoyin da ake ba da shawarar bi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin ƙa'idojinta na 2023. To ba aikin banza ba ne.

Malama Hauwa'u: Ban ce aikin banza ba ne, Malam. Amma ka ƙarasa maganar. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin magani, a 2016 cewa ta yi a yi aikin hannu ne kawai a cikin tsarin da ya haɗa da motsa jiki. Ba ta yarda a yi shi shi kaɗai ba.

Malam Nura: Wannan haka yake, ban musa ba.

Baba Idi: Ku tsaya mini a kan ƙarar nan. Jama'a sun ɗauka ƙashi ne ya goce aka mayar da shi mazauninsa. Gaskiya ne?

Malam Nura: A'a Baba. Tsakanin kowace gaɓar ƙashin baya da ta kusa da ita akwai ƙananan mahaɗai biyu ta baya, dama da hagu, kowacce da ruwa mai yauƙi a cikin jakarta. In aka buɗe mahaɗar da sauri, sai iskar da ke narke a cikin ruwan ta fito ta yi kumfa, ita ce ƙarar. Daidai take da ta yatsun hannu, shi ya sa in yatsa ya yi ƙara sai an jira kamar minti 20 kafin ya sake yi. Ba ƙashin da ya bar wurinsa, ba wanda aka mayar. Sauƙin da ake ji na gaske ne, amma daga jijiyoyi yake: tsokar da ta ɗaure tana saki, ƙarfin jin zogi yana raguwa na ɗan lokaci.

Maganar gocewar ƙashi gadonta aka yi. Daniel David Palmer ne ya kafa kairofiraktik a 1895 a garin Davenport na jihar Ayowa, yana ganin yawancin cututtuka daga gocewar gaɓoɓin baya suke, wai suna tare jijiyoyi. Hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya da kanta ta fito a 2010 ta ce ba hujjar bincike da ta nuna wannan gocewar ce ke haddasa cuta. Don haka duk wanda ya ce zai warkar maka da asma, hawan jini, ciwon suga ko rashin haihuwa ta hanyar daidaita baya, tashi ka tafi. Haka wanda zai murɗa wuyan jariri.

Dakta Zainab: Salamu alaikum. Ni a kan wuya zan tsaya, domin a nan lissafin ya bambanta da na ƙugu. Wuya gaɓoɓi 7 ne. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ramukan gefen gaɓoɓin, daga ta 6 har ta farko, su lanƙwasa su shiga ƙoƙon kai su shayar da ɓangaren ƙwaƙwalwa na baya. Tsakanin gaɓa ta farko da ta biyu, inda ake samun kusan rabin juyawar kai, jijiyar tana miƙewa duk lokacin da aka juya kai sosai. In bangon cikinta ya tsage, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar jiki. Abin ba ya yawan faruwa, amma yana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo shanyewar jiki ga masu ƙarancin shekaru.

Malam Nura zai kawo binciken da aka yi a Ontariyo ta Kanada a 2008, don haka bari in riga shi. An ga waɗanda suka samu irin wannan shanyewar sun ziyarci likitan kairo kafin ta same su, amma haka nan sun ziyarci likitan asibiti. Fassarar ita ce, tsagewar jijiyar da kanta tana fara bayyana ne da ciwon wuya da ciwon kai, sai mutum ya tafi neman magani alhali abin ya riga ya faru. Wannan fassarar tana da ƙarfi. Sai dai ku duba abin da take nufi: cikin masu shigowa da ciwon wuya akwai wanda jijiyarsa ta riga ta tsage, kuma shi ne za a kama kansa a murɗa. Gwajin da ake yi na juya kai a ga ko jiri zai zo ba ya iya tantance shi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2014 ta ce a riƙa sanar da mutum wannan alaƙa kafin a danna masa wuya.

Malam Nura: Dakta kin riga ni ɗin kuwa. Abin da zan ƙara shi ne tsagewar tana faruwa da tari mai ƙarfi, da wasanni, har da ɗaga kai baya na dogon lokaci. Ba dannar kaɗai ba.

Dakta Zainab: Gaskiya ne, amma tari ba zaɓi ba ne, danna wuya zaɓi ne. Tambayar ita ce me ake samu a madadin haɗarin. A 2012 an yi gwaji a Amurka da mutum 272 masu ciwon wuya, aka raba su uku: danna gaɓa, magani, da motsa wuya a gida bayan an koya musu a zama biyu kacal. Dannar ta fi magani, amma ba ta yi wa motsa jiki na gida wata tazarar a-zo-a-gani ba. Sannan lallaɓa gaɓa a hankali, ba tare da turin nan mai sauri ba, tana bayar da sakamako kusan iri ɗaya. In amfanin ɗaya ne, haɗarin kuma na ɓangare guda ne, ni ban ga dalilin ɗaukarsa ba. Mai ciwon wuya da ya je wajen kairo ya faɗa tun kafin ya hau gado: a lallaɓa, ko a danna bayan ƙirji, ban da murɗa wuya. Ƙwararre ba zai ji haushi ba.

Waɗanda kuwa ba a danna musu wuya sam: mai amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin mahaɗai, mai lalurar Down, mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da wanda hannuwansa suka fara kasa ɓalle maɓalli ko rubutu, tafiyarsa tana tangaɗi, domin wannan laka ce ake matsewa. In kuma bayan danna wuya mutum ya ji sabon ciwon ƙeya mai tsanani, jiri, gani biyu-biyu, harshe ya karye, haɗiya ta gagara ko fatar ido ɗaya ta sauko, asibiti nan take. Kada a koma wajen wanda ya danna a ce ya gyara.

Malam Bashir: To Malama Hauwa'u, kar a bar naku ɓangaren. Fisiyo ba ya da nasa aibin?

Malama Hauwa'u: Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Fisiyo marar kyau shi ne a kwantar da mutum a haska masa fitilar zafi minti 15, a manna masa wayoyin lantarki masu tsikara, a shafa masa na'urar sauti, a sa shi a injin jan baya, a ce ya dawo jibi. Wata uku ana haka, ba a taɓa sa shi ya ɗaga ko ƙafa ba. Ƙa'idojin NICE da na Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun ce kada a dogara da jan baya, da na'urar sauti, da wayoyin lantarkin nan, da ɗamarar ƙugu. Wanda ya je irin wannan wurin bai fi wanda ake danna wa baya kullum ba, wataƙila ma wancan ya fi shi samun sauƙi.

Zama na farko da ya amsa sunansa yana cin minti 40 zuwa awa guda, kuma rabinsa tambaya ce. Sai gwaji: ka sunkuya, ka miƙe baya, ka karkata, a ga wanne ke tada ciwon wanne ke kwantar da shi. A sa ka taka da dunduniya, a gwada ƙarfin ɗaga babban yatsan ƙafa, a sa ka yi ɗage, a buga guduma a gwiwa da agara. A kwantar da kai rigingine a ɗaga ƙafarka a miƙe: in zogi ya harba har ƙasan gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, jijiya ce faifai, wato matashin da ke tsakanin gaɓoɓin baya, ya taɓa. Wanda bai yi maka waɗannan ba, ko kairo ne ko fisiyo, bai san abin da yake yi wa magani ba.

Baba Idi: Hoto fa? Wasu ba sa taɓa mutum sai sun yi masa hoton ƙashin baya gaba ɗaya, su zana layuka su nuna masa inda ya karkace.

Dakta Aminu: Baba, wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi damuna. In babu alamomin haɗarin da na lissafa, hoto a makonnin farko ba ya canza magani ba ya hanzarta warkewa. Ga kuma ɓarnar da yake yi. A 2015 an tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai. Cikin 'yan shekara 20, kashi 30 cikin 100 faifansu ya kumburo, cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Zaizayewar faifai kashi 37 a matasan, kashi 96 a tsofaffin. Furfura ce ta ciki. Amma da zarar an nuna wa mutum hoto an ce bayanka ya lalace, sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar kaya, tsokoki su raunana, tsoro ya ƙaru, ciwon ya zauna. Layukan da ake zanawa kuwa suna canzawa da yadda mutum ya tsaya lokacin ɗaukar hoton.

Hajiya Maryam: Ina so a yi maganar ciwon da ke sauka ƙafa, domin shi ya fi firgita mutane. Yawanci faifan da ke tsakanin gaɓoɓi biyu na ƙarshen ƙugu ne, ko wanda ke ƙasansu, ya ɓullo ya taɓa jijiya. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne jiki yana tsotse abin da ya ɓullo da kansa, kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan suna raguwa ba tiyata, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. Ba wanda ke iya tura faifai ya koma ciki da hannu, yana can ƙarƙashin tsoka da ƙashi.

A nan ni fisiyo zan zaɓa, saboda akwai ma'auni da mutum zai bi da kansa. Robin McKenzie, likitan fisiyo ɗan Niyu Zilan, shi ya fito da shi: in wani motsi ya sa zogin ya janye daga ƙafa ya tattaro tsakiyar baya, wannan motsin alheri ne, ko da ciwon bayan ya ɗan ƙaru. In kuwa ya tura zogin ya ƙara gangarawa ƙasa, a tsaya. Wanda aka fi farawa da shi: kwanta rub da ciki minti biyu ko uku, sannan ka dafa tafin hannu ka ɗaga ƙirji, ƙugu yana ƙasa a sake, ka sauko. Sau 10, duk bayan awa biyu ko uku. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaga ƙugu tare da ƙirji, ko ɗaure mazaunai, sai motsin bai isa inda ake so ba.

Amma ba na kowa ba ne. Dattijon da ƙafafunsa ke nauyi in ya yi tafiya, ya samu sauƙi in ya zauna ko ya sunkuya, hanyar jijiyoyin ce ta ƙuntata, miƙe baya ƙara masa zai yi. Shi kwanciya rigingine da jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, da tuƙa keke, suka dace da shi. In kuma ƙafa ta fara ja a ƙasa, takalmi yana saɓulewa, a koma wajen likita cikin gaggawa.

Malama Hauwa'u: Na gode Hajiya. Na wuya kuma, mafi amfani shi ne jan haɓa. Zauna a miƙe, ido na kallon gaba, ja kai baya kai tsaye ba tare da sunkuyar da shi ko ɗaga shi ba, riƙe daƙiƙa 5, sau 10, sau huɗu ko biyar a rana. Yawancin mutane sunkuyar da kai suke yi, ko su cije haƙora tsokokin gaban wuya su miƙe. A haɗa da ƙarfafa kafaɗa da tsakanin allunan baya da igiyar roba, jeri 2 ko 3, kowanne sau 12, sau uku a mako. Ciwo kaɗan lokacin motsa jiki ba laifi, in bai wuce 3 ko 4 cikin 10 ba kuma ya koma yadda yake kafin awa 24. In ya kwana ya wuni, a rage yawan, kada a daina.

Kuma tafiya a ƙasa ba abin rainawa ba ce. A 2024 an fitar da sakamakon gwaji daga Ostireliya da mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu. Waɗanda aka tsara wa tafiya tare da bayani sun kai kwana 208 a tsaka-tsaki kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112.

Malam Nura: To ga inda dannar take da gurbi, kuma ina ganin Malama ba za ta ja ba. Mutumin da bayansa ya riƙe bai kai mako biyu ba, ciwon bai gangara ƙasan gwiwa ba, ko juyawa a gado yana gagararsa, balle motsa jiki. A danna masa sau biyu ko uku ya samu sararin motsi, a cika sararin da aiki. A kuma gaya masa tun farko cewa kusan rabin waɗanda ake danna wa suna jin tsami ko gajiya na kwana ɗaya ko biyu, kada ya firgita.

Malama Hauwa'u: Ba zan ja ba, in dai sau biyu ko uku ne. Abin da nake ja da shi shi ne a ce mutum ya sa hannu a kan zama 30 ko 40 tun ranar farko, ko ya riƙa zuwa duk wata har abada don kada baya ya goce.

Dakta Aminu: Wannan ma'aunin ya hau kan kowa. Ranar farko mutum ya rubuta ciwonsa daga 0 zuwa 10, da abubuwa uku da ya kasa yi, misali zaman minti 30, sa takalmi, barci ba farkawa. Bayan zama 4 zuwa 6, cikin mako uku ko huɗu, ya duba. In ciwon bai sauka da maki 2 ba, kuma ba ɗaya cikin ukun da ya canza, a sake bincike ko a canza hanya. Ya kuma tambayi lasisi, domin a ƙasashe da dama ba dokar da ta tsara kairofiraktik, kowa na iya kallon bidiyo ya kafa allo.

Baba Idi: Magani fa, a daina sha in an fara ɗaya daga cikinsu?

Dakta Aminu: Ba dole ba, Baba. Ibufurofen ko dikulofenak na 'yan kwanaki yana taimaka wa mutum ya motsa, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita tukuna, kuma ba a haɗa biyun. Farasitamol shi kaɗai ba ya yi wa ciwon ƙugu wani abin kirki. Tiramadol da danginsa a nisance su. Kwanciya kuma kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu.

Hajiya Maryam: Akwai wani rukuni da bai kamata mu tashi ba mu ambata ba. Matashi ko wanda bai kai shekara 45 ba, ciwon ya fara a hankali ya wuce wata uku, yana tashi da asuba baya a sanƙare fiye da minti 30, yana farkar da shi a ƙarshen dare, in ya motsa ya ji sauƙi in ya huta ya ƙaru. Wannan kumburin mahaɗan ƙugu da ƙashin baya ne, kuma irinsu kan yi shekaru suna yawo tsakanin masu danna baya da masu gashi ba a gano ba. Likitan amosanin gaɓɓai za a tura shi, a yi gwajin jini da hoton MRI na mahaɗan ƙugu. In gaɓoɓin sun riga sun fara haɗewa, ba a danna irin wannan bayan da ƙarfi, domin yana karyewa cikin sauƙi.